Shimfiɗar Tabarma da Shimfiɗar Fuska: Shekara Uku a Koriya ta Kudu

Kalmar Koriyanci ta farko da na haddace ba gaisuwa ba ce. "Dwaeji gogi" ce, wato naman alade. A ƙarshen watan Agustan 2021 na sauka a filin jirgin sama na Incheon, bayan na taso daga Abuja na ya da zango a Adis Ababa. Lokacin korona ne, don haka daga filin jirgi aka kwashe mu a bas zuwa ɗakunan killacewa na kwana 14. Sau uku a rana ake ƙwanƙwasa ƙofa, in na buɗe sai in tarar da leda a ƙasa, mai kawowar ya riga ya wuce. Farar shinkafa, romo, kabeji mai yaji da tsami, da wani nama da ban san asalinsa ba. Kwana biyu ina kan shinkafa da ayaba. A rana ta uku wani ɗalibi ɗan Indonesiya da ke ɗakin kusa da nawa ya turo mini hoton wasu gaɓoɓi huɗu ta waya, ya ce duk abincin da na ga wannan rubutu a bayansa in ajiye shi. Dokar ƙasar ta wajabta wa masu sarrafa abinci su rubuta abubuwan da ke tayar wa wasu mutane borin jini, kuma naman alade yana cikin jerin. An yi dokar don marasa lafiya, sai ta zama garkuwa ga Musulmi.

Sauran kwanakin a kan haruffansu na ƙarar da su. Hangul ake kiran rubutun, Sarki Sejong ne ya sa aka ƙirƙire shi a 1443 (a yau baƙi 14 da wasali 10 gare shi), domin talakan da ba shi da sukunin koyon rubutun Sin ya iya rubuta abin da ke ransa. Duk wanda ya taɓa riƙe allo zai haɗa baƙin cikin mako guda. Magana kuwa aba ce daban. Shekara guda cur na yi a makarantar koyon harshe a birnin Daegu kafin in ci jarrabawar da ta ba ni damar wucewa Daejeon, inda na yi shekara biyu ina digiri na biyu a fannin ban ruwa, da tallafin karatu na gwamnatin Koriya.

Ni Bazazzage ne. Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi tafiyar minti uku ce, amma ban taɓa yin ta a ƙasa da minti goma ba, saboda gaisuwa. Ranar da aka sallame mu daga killacewa na haɗu da wani dattijo a matattakalar bene, na rusuna na ce "annyeong haseyo" da dukkan zuciyata. Ya ɗago ya dube ni, ya gyara takunkumin fuskarsa, ya wuce. Na ɗauka launin fatata ne ya jawo. Sai da na yi watanni na lura cewa su ma a junansu haka suke, ba a gaida wanda ba a sani ba. Mutum zai shekara biyar a bene ɗaya da maƙwabcinsa bai san sunansa ba. Gaisuwa a wurinsu haƙƙin wanda wata igiya ta ɗaure ku ne, ko aiki, ko makaranta, ko coci, ko gari ɗaya. Wanda babu igiya tsakaninku, ƙyale shi da harkarsa shi ne ladabi. Kaina ya gane wannan, zuciyata kuwa har na baro ba ta saba ba.

Mu kan ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. To, in dai tabarma ake magana, ban taɓa ganin inda aka shimfiɗa wa baƙo irin ta Koriya ba, kuma rashin adalci ne in taƙaita wannan ɓangare. Shekara uku ban ga an ɗauke wuta ba, ban buɗe famfo na ji iska ba. Kati ɗaya, T-money, shi ne na bas, shi ne na jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi ne na tasi. A tashar bas akwai allo da ke nuna minti nawa ya rage motarka ta iso, kuma in ya ce uku, uku ɗin ne. A wasu tashoshin bencin zama ma ɗumama shi ake yi lokacin sanyi. Jirgin ƙasa mai gudu na KTX yana kai ni Seoul daga Daejeon cikin kusan awa ɗaya. Nakan fito daga ɗakin bincike ƙarfe ɗaya na dare in taka bakin kogin Gapcheon zuwa gida, in haɗu da 'yan mata suna motsa jiki su kaɗai, babu mai waiwaye. A shagon shan kofi mutum zai ajiye kwamfutarsa da wayarsa a kan tebur don riƙe wuri, ya tafi banɗaki. Kayan da aka saya ta intanet a bakin ƙofa ake jibge su, su wuni, su kwana.

Wata rana a Daegu na manta walat ɗina a cikin bas, da katin shaidata na baƙo da katin banki da kuɗin ƙasar, won 70,000. Ban yi barci ba daren nan. Washegari da hantsi aka kira makarantarmu daga wani ƙaramin ofishin 'yan sanda. Na je, aka sa na ƙirga kuɗin a gabansu, ko won ɗaya bai yi ciwon kai ba. Na tambayi wanda ya tsinta don in yi godiya, aka ce bai bar suna ba.

Asibiti ma haka. Tun daga watan Maris na 2021 aka wajabta wa ɗalibai baƙi shiga inshorar lafiya ta ƙasa, ana cirar kuɗin duk wata. Da zazzaɓi ya kwantar da ni a sanyin farko, na shiga wani ƙaramin asibitin unguwa ba tare da na san kowa ba. Cikin minti 20 na ga likita, abin da na biya bai kai kuɗin abincin rana ɗaya ba. A kantin magani na ƙasan benen aka ƙulla mini ƙwayoyin a 'yan ledoji, kowace leda da lokacin shanta. Na zauna a bakin gado da ledojin a hannu ina tuna yadda Hajiyarmu ke fita da asuba don kama layin ganin likita, sai na ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Ba hassada ba ce. Ganin cewa abin mai yiwuwa ne, mutane ne suka tsara shi ba aljanu ba, shi ya fi yi mini ciwo. Ƙasar nan a 1953, da yaƙinsu ya tsaya, toka ce.

Sai dai duk wannan jin daɗi a ɗaure yake da abu ɗaya: lambar waya mai ɗauke da sunanka daidai da yadda yake a katin shaida. Da ita ake tantance mutum a kusan komai. Kamfanin waya ya rubuta sunana a haɗe, banki ya rubuta a rabe, sai na'ura ta ce mutum biyu ne. Wata biyu ina zarya kafin a daidaita. An gina tsarin ne don sunaye masu gaɓa uku irin nasu, kuma baƙo yakan ji haka a jikinsa a wurare da yawa: ba korarka aka yi ba, ba a dai yi lissafi da kai ba.

Neman ɗaki a Daejeon shi ya fara nuna mini ɗaya fuskar ƙarara. Dillalin gidaje zai nuna maka ɗaki, ka ce ya yi, ya ɗaga waya ya kira mai gida. Ina jin Koriyanci a lokacin, don haka ina jin sa yana cewa "waegugin", wato baƙo ɗan wata ƙasa. Sai a yi shiru. Sai ya ce "Afirka". Sai ya ajiye waya ya ce an riga an kama ɗakin. Sau uku aka yi mini haka a rana ɗaya. Na huɗu bai ɓoye ba, ya ce mai gidan ba ya son baƙi, ya ba ni haƙuri yana kallon ƙasa. Babu inda zan kai ƙara, domin Koriya ba ta da cikakkiyar dokar hana wariya. Tun 2007 ake kai ƙudirin majalisa yana mutuwa a can. Ga kuma kuɗin ajiya. Ɗakin da na samu a ƙarshe, ciki ɗaya da banɗaki da ɗan wurin girki, won 400,000 ne a wata, amma sai da na ajiye won miliyan 5 a hannun mai gida. Wannan ma ƙaramin alhaki ne a kan tsarin da suke kira "jeonse", inda ɗan haya ke damƙa wa mai gida abin da kan haura rabin kuɗin gidan, ya zauna shekara biyu ba ya biyan haya, a mayar masa da kuɗinsa in zai tashi.

A ƙasan benen akwai wani ɗan gidan abinci mai tebur shida, na wata tsohuwa da ta doshi saba'in. Haɗuwarmu ta farko faɗa ce. Na fitar da sharata a baƙar leda na ajiye a bakin titi, kamar yadda na ga tarin wasu ledojin. Da safe na ji ana dukan ƙofata. Ga ta tsaye da ledar a hannu, ta buɗe ta, tana magana da ƙarfi har maƙwabta na leƙowa. Ta ja ni ƙasa ta zazzage sharar a gabana. Tun 1995 a ƙasar nan sayen ledar shara ake yi a kanti, kowace ƙaramar hukuma da irin tata, kuɗin ledar shi ne kuɗin kwashewa. Roba daban, gwangwani daban, takarda daban, ragowar abinci daban, kuma ɓawon ƙwai da ƙashin kaza ba sa cikin ragowar abinci. Ta nuna mini ɗaya bayan ɗaya tana huci. Da muka gama ta goge hannu a zanen gabanta, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Haksaeng, bap meogeosseo?" Wato, ɗalibi, ka ci abinci?

Wannan tambaya ita ce "ina kwana" ɗinsu ga wanda suka damu da shi. Mutanen da suka san yunwar bayan yaƙi suka bar ta gado. Na ce ban ci ba. Ta zaunar da ni. Na karanto mata kalmata ta farko, ta naman alade, na ƙara da cewa ba na shan giya, kuma naman da ban san yankansa ba ba na ci. Ta girgiza kai kamar mai jin tausayi, ta shiga ta gaso kifi. Daga ranar nake kiranta "Imo", yadda ake kiran mata irinta a gidajen abinci, ma'anarsa 'yar'uwar mahaifiya. Ita kuwa "Haksaeng" take ce mini.

A jami'a, tambayar farko da kowa ya yi mini ita ce shekarar haihuwata. Ba shisshigi ba ne. Harshensu ba ya barin mutum ya yi magana sai ya san wane ne babba, domin ƙarshen kowace jimla yana sauyawa gwargwadon girman wanda ake yi wa ita. Wannan bai ba ni wahala ba, ni da na tashi ina cire takalmi in tsuguna gaban manya. Miƙa abu da hannu biyu, barin babba ya fara cin abinci, kauce wa kiran malami da sunansa sai dai "Gyosunim", wato Farfesa, duk na ji kamar a gida nake. Yaran ɗakin bincikenmu suka riƙa ce mini "Hyung", wato Yaya. Akwai kuma abin da suke kira "nunchi", karanta yanayin wuri da fuskokin mutane ba tare da an faɗa maka ba. Ɗan'uwan kara da kawaici ne. Bambancin shi ne mu kara tana sa a ɗaga maka ƙafa, su kuwa nunchi yana sa ka ɗaure kanka. Babu dokar da ta ce kada ɗalibi ya tashi kafin Gyosunim ya tafi gida, amma ban taɓa ganin wanda ya tashi ba. Ƙarfe goma na dare fitilu na kunne. "Palli-palli", maza-maza, ita ce kalmar da ta fi yawo a bakin kowa. Ita ta gina musu hanyoyi da masana'antu, ita kuma na ga tana cin yara 'yan shekara 25 da ciwon ciki da rashin barci. Sallar Juma'a sai da na saye ta da wunin Asabar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne "hoesik", cin abincin dare na abokan aiki. A karon farko gidan gasa naman alade aka je, kwalaben giyarsu ta soju jere a tebur. Gyosunim ya ɗauki kwalba da kansa ya nufo kofina. A al'adarsu ƙin karɓar abin da babba ya zuba maka abu ne mai nauyi. Na miƙe, na dafa ƙirji, na ce addinina ya hana ni, ina neman afuwa. Wurin ya yi tsit. Wata ɗaliba ta yi wuf ta kira mai shago ya kawo lemo, ta miƙa wa Gyosunim kwalbar ya zuba mini da hannunsa, aka wuce wurin. Bai taɓa tayar da maganar ba. Amma daga baya na lura cewa in ana fita da ni, gidan kifi ake zuwa. Bai sanar ba, bai nemi godiya ba. Wannan kirki ne, kuma ina riƙe da shi. Duk da haka akwai farashin da na biya. Bayan cin abinci akwai zagaye na biyu a mashaya, wani lokaci har na uku, kuma a can ne ake sakin jiki, a ƙulla abota, a ji wane ne zai je taro, wane kamfani ke ɗaukar ma'aikata. Ni a zagayen farko nake sallama. Kullum ni ne na ƙarshen jin labari.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Daejeon layi ɗaya ne, kuma a cikinsa na san kujerar da ke gefena. Jirgi zai cika, mutane a tsaye, ita tana nan fayau. Ba kullum ba, amma sau da yawa har na daina ƙirgawa. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya ture ni. Wurin zama ne kawai da ba a zauna ba, kuma yana da nauyi fiye da zagi, domin ba ka da abin da za ka mayar wa martani. A gefe guda, wani tsohon direban tasi da ya ji daga Afirka nake sai ya rage gudu ya fara ba ni labarin sojojin Habasha da suka zo suka yi yaƙi tare da su tsakanin 1951 da 1953. Na ce masa ni ɗan Najeriya ne, da nisa tsakaninmu. Ya ce duk ɗaya ne, ya ƙi karɓar rabin kuɗinsa. Jahilci iri ɗaya ne ya haifi kujerar da ragin kuɗin: ba su san mu ba, sai abin da talabijin ya nuna musu.

Inda abin ya wuce rashin sani shi ne Daegu. A unguwar Daehyeon-dong akwai wani gida da ɗalibai Musulmi suka daɗe suna salla a ciki, ni ma na yi salla a wurin. A 2020 suka samu izinin gina masallaci, a farkon 2021 hukumar yankin ta dakatar da aikin saboda ƙorafin mazauna unguwar. Aka je kotu, har Kotun Ƙoli ta ba ɗaliban gaskiya a watan Satumban 2022. Bayan hukuncin ne wasu suka fara jera kawunan alade a lungun da ke kaiwa wurin, har suka yi walimar gashin naman a bakin ginin. Na koma ziyara a sanyin shekarar, na gan su da idona a kan kujeru, sanyi ya busar da su. Na bi ta gabansu na shiga na yi alwala hannuna na rawa. Dole kuma in faɗi cewa a cikin waɗanda suka tsaya wa ɗaliban akwai 'yan Koriya, malaman jami'a da 'yan ƙungiyoyin kare haƙƙi, suna fitowa cikin sanyi saboda mutanen da ba addininsu ɗaya ba. Kuma a ƙasar nan dai babban masallacin Seoul yake, a saman tudun Itaewon, wanda aka buɗe a 1976 a kan filin da gwamnati ta bayar. A can na yi Idi, a can na ji wani yana waya da Hausa a bayana, na juya na riƙe hannunsa kafin in san ko wane ne. Mutumin zangon Kumasi ne, yana fitar da tsofaffin motoci daga Incheon. Mun tsaya muna gaisawa kamar minti biyar, ina gida, ina iyali, ina gajiya, ya sanyi, babu wanda yake son ya gama.

Ban manta cewa ni ɗan gata ne a cikin baƙi ba. Aikin bincikena ya riƙa kai ni gonakin rumfunan leda a wajen Nonsan, inda ake noman sitiroberi. Masu gonakin tsofaffi ne, masu aikin kuwa 'yan Kambodiya da Nepal da Tailan. Takardar izininsu a ɗaure take da mai gona, sauya wurin aiki ba ya yiwuwa cikin sauƙi ko da ana cutar su. Wasu a cikin kwantena suke kwana a gefen rumfa. A watan Disambar 2020 an tsinci gawar wata 'yar Kambodiya a irin wannan makwanci a Pocheon cikin tsananin sanyi, ƙasar ta girgiza, amma ni da na zo bayan haka na tarar da irin makwancin bai ƙare ba. Har na baro babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin wannan tsari na ɗaukar ma'aikata, don haka duk matashin da wani ya ce zai sama masa bizar aikin masana'anta a Koriya daga Kano ko Maraɗi, ya riƙe kuɗinsa.

Su kansu 'yan ƙasar ba hutawa suke ba. Ƙarfe goma na dare za ka ga yara 'yan shekara 12 da jakunkuna suna fitowa daga makarantun ƙarin darasi. Ranar jarrabawar shiga jami'a a watan Nuwamba har jiragen sama ake dakatarwa lokacin sauraren Turanci. Da asuba kuma za ka ga tsofaffi masu lanƙwasasshen baya suna tura kura cike da kwalaye, su kai a auna a ba su ɗan abin da ya samu. A 2023 matsakaicin haihuwa ya faɗo zuwa 0.72 ga kowace mace. Imo ɗa ɗaya gare ta, yana Seoul, ya kusa arba'in bai yi aure ba, sau biyu yake zuwa a shekara, lokacin Seollal da Chuseok, bukukuwansu na sabuwar shekara da na kaka. Ranar da na nuna mata hoton gidanmu na Sallah, ta sa tabarau ta bi yaran da yatsa tana ƙirgawa, ta kai 19, ta tambayi wanne ne nawa. Na nuna mata 'yata. Ta daɗe riƙe da wayar.

Azumin 2023 ya kama a ƙarshen Maris. Kwana huɗu ban leƙa shagonta ba, sai ga ta a ƙofata tana tambayar ko ciwo nake. Na yi mata bayani. Da ta ji har ruwa ba a sha sai ta dafe kai ta ce zan mutu. Ta tambayi ƙarfe nawa ake ci. Daga ranar har Sallah, duk magariba zan tarar da leda rataye a hannun ƙofata: shinkafa, gasasshen kifi, miyar waken soya, da 'yan ƙananan mahaɗai. Ta sayi sabuwar tukunya ta ware mini, don kada ta haɗu da wadda ake dafa alade. Na kai mata kuɗi ta buge mini hannu. Suna da kalma ga wannan, "jeong", shaƙuwar da ke tsirowa a hankali tsakanin mutanen da zama ya haɗa, wadda ba a furta ta sai dai a aikata.

Ba zan mayar da ita waliyyiya ba. Ita ce dai ta taɓa ce mini, tana nufin yabo, fatata baƙa ce amma zuciyata fara ce. Maganar ta soke ni, na kwana da ita. Washegari na ce mata, Imo, a garinmu kowa baƙi ne, har uwata. Ta yi shiru, kunnuwanta suka yi ja, ta ƙara mini shinkafa. Ba ta sake faɗa ba.

A watan Nuwamba ake "kimjang", haɗa kimchi, kabejin nan mai yaji da tsami, wanda zai kai iyali ƙarshen sanyi. Ta tara ƙawayenta huɗu a bayan shago, kabeji sama da 100, ni ne mai ɗauko da juyewa a ruwan gishiri. Suna zaune a ƙasa da jan safar hannu, suna cusa yaji tsakanin ganye, suna hira da shewa kamar matan gidan biki. Wata a cikinsu ta nuna ni da haɓa ta tambayi wane ne wannan. Imo ba ta ɗago ba ta ce, "Uri haksaeng." Ɗalibinmu. 'Yan Koriya kamar mu suke a nan, ba sa cewa uwata ko ƙasata, sai uwarmu, ƙasarmu, gidanmu. Duniyarsu a rabe take tsakanin "uri" da sauran mutane, kuma sama da shekara biyu ina cikin sauran mutane. Ta naɗe ganyen kabeji mai yaji ta miƙo mini a baki da hannunta, yadda suke yi wa nasu. Yajin ya sa idona ya kawo ruwa, na bar su a kan cewa yajin ne.

Sanyin bai yi mini sauƙi ba duk da haka. A Janairu yakan sauka digiri 10 ƙasa da sifili. Ɗakunansu ta ƙasa ake ɗumama su, "ondol", ruwan zafi na bi ta ƙarƙashin daɓe, sai in shimfiɗa bargo in kwanta a ƙasa kamar a ɗakin kakata. Awa takwas ce tsakaninmu da gida. In na idar da Asuba su ba su daɗe da kwanciya ba, in sun samu sukunin hira ni barci ya ci ƙarfina. 'Yata ta koyi magana ina kallo ta waya. Ranakun Chuseok, da gari ke watsewa kowa ya tafi mahaifarsa, har Imo ta rufe shago, nakan yi kwana uku ban furta kalma ga ɗan Adam ba sai ga mai kanti.

A watan Agustan 2024 na tattara. Mai gida ya duba ɗaki, ya mayar mini da won miliyan 5 ɗina a ranar. Imo ta fito da kwali: busasshen ganyen teku, garin barkononsu, da safa guda biyar ta yara. Ba ta rungume ni ba, ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce in riƙa cin abinci a kan lokaci, ta koma ciki tun tasi bai tashi ba.

Da na ba Hajiya labarinta a Zariya, sai ta ce matar da ta ciyar da ɗanta wata guda yana azumi ba za a bar ta haka ba. Ta so a aika mata dambun nama, na ce ba a barin nama ya shiga ƙasar. Sai ta buɗe adakarta ta ciro atamfa turmi ɗaya, shuɗiya mai zanen ganye, aka aika ta hannun wani ɗalibi da zai koma. Bayan wata biyu saƙo ya shigo mini ta manhajar KakaoTalk daga wayar ɗanta. Hoto ne. Imo ce tsaye a bakin murhu da ludayi a hannu, ta ɗinka zanen gaba na girki da atamfar, ragowar kuma ta yi labule da shi a ƙofar kicin.